NA'URAR CANJIN WUTA MAI AIKI DA KANTA: YADDA AKE SARRAFA TA

A wannan wata za mu yi bayani a kan wata na'ura da ta fara yawaita a garuruwanmu. Ana ganinta a asibitoci, da gidajen ruwa, da gidajen mai, da manyan makarantu. Akwati ne na ƙarfe da ake kafawa a jikin bango kusa da janareta. A fuskarsa akwai 'yan fitilu da maɓallai. Wani kuma yana da ɗan gilashi mai nuna lambobi. Masu aikin wuta suna ce masa cenjoba mai otomatik. Mu a nan za mu kira shi na'urar canjin wuta.

Aikin wannan na'ura shi ne ta tayar da janareta idan an ɗauke wuta, ta kuma kashe shi idan an dawo da ita, ba tare da wani ya taɓa komai ba. To, amma injiniyan da ya kafa ta ba ya zama tare da ita. Da ya gama aikinsa sai ya koma birni. Wanda ake bar wa ita shi ne maigadi, ko ma'aikacin asibiti, ko wani ɗan kwamitin ruwa na gari. Wataƙila kai ne, ko ɗanka, ko maƙwabcinka. Idan wanda aka bar wa ya san ta, za ta daɗe tana yi wa jama'a aiki. Idan bai san ta ba, ana iya yin asarar dukiya, har ma da ta rai. Saboda haka ku karanta a hankali, ku kuma karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna.

WUTA BIYU BA SA HAƊUWA

Wurin da yake da janareta yana da hanyar samun wuta guda biyu. Ta farko ita ce wadda take zuwa ta wayar kan falwaya. Har yanzu mutane suna ce mata wutar Nepa, ko da yake hukumar NEPA da aka kafa a 1972 ta koma PHCN a 2005, sannan a 2013 aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni. Misali, kamfanin KEDCO ne yake rarraba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa. Hanya ta biyu ita ce wutar janareta.

Ga doka ta farko, wadda ta fi kowace muhimmanci: kada a bar wutar Nepa da ta janareta su haɗu a waya ɗaya. Ba a sarki biyu zamani ɗaya. Dalilan guda biyu ne.

Na farko, idan janareta yana aiki, kuma ba a yanke wayar Nepa daga gidan ba, wutar janareta za ta bi wayar ta fita waje. Za ta hau falwaya, ta isa taransifoma. Aikin taransifoma shi ne ya rage ƙarfin wuta. Ana auna ƙarfin wuta da wani ma'auni da ake kira bolt. Wuta tana zuwa wa taransifoman unguwa da ƙarfin bolt 11,000, a wasu wurare ma 33,000, shi kuma ya rage ta zuwa kimanin bolt 230 da muke amfani da shi a gida. Amma idan wuta ta shigo masa ta baya, sai ya yi akasin haka, wato ya ƙara mata ƙarfi. Ma'aikacin wuta da ya hau falwaya don gyara ya san an kashe layin, saboda haka zai kama waya hankali kwance. Wutar ɗan janaretan wani gida tana iya kashe shi nan take, mai gidan kuwa bai ma san ya yi kisa ba.

Na biyu, idan aka dawo da wutar Nepa alhali janareta yana haɗe da layin, wutar biyu za su yi karo. Wayoyin cikin janareta suna iya ƙonewa. Firji da talabijin da injin ruwa suna iya lalacewa. Gobara ma tana iya tashi.

Wannan ne ya sa ake saka cenjoba. Da yawanku kun san cenjoba ta hannu, mai mariƙi. A ɗaga sama, wutar Nepa ce. A saukar ƙasa, ta janareta ce. A bar shi a tsakiya, babu ko ɗaya. Na'urar da muke magana a kai wannan aikin take yi, sai dai ita ba ta jiran hannun mutum.

A cikin akwatin akwai ƙofofin wuta guda biyu, ɗaya ta Nepa, ɗaya ta janareta. An haɗa su da wani maƙulli, yadda idan ɗaya tana barin wuta ta wuce, ɗayar ba za ta iya ba. Ku tuna da sikelin mai awo: idan ɓangare ɗaya ya sauka, dole ɗayan ya tashi. Akwai kuma ƙwaƙwalwar na'urar, wadda take auna wuta dare da rana, tana ba ƙofofin umarni.

ABIN DA YAKE FARUWA IDAN AN ƊAUKE WUTA

A ce dare ne a wani asibitin karkara. Ungozoma tana ɗakin haihuwa tana karɓar haihuwa. Sai aka ɗauke wuta. Ga abin da na'urar za ta yi, mataki-mataki:

1. Za ta ɗan jira na 'yan daƙiƙoƙi. Wani lokaci wuta takan ƙifta ne kawai ta dawo. Bai kamata a tayar da inji saboda ƙiftawa ba.

2. Idan wutar ba ta dawo ba, sai ta ba janareta umarnin tashi. Batir ne yake juya injin, kamar yadda ake tayar da mota da makulli. Idan bai tashi ba, sai ta ɗan huta ta sake gwadawa. Yawanci sau 3 ake gwadawa. Idan ya ƙi, sai ta haƙura ta kunna jar fitila, don kada batir ya ƙare.

3. Idan inji ya tashi, ba ta ɗora masa kaya nan da nan. Za ta bari ya daidaita, mai ya zagaya jikinsa, wutarsa kuma ta kai yadda ake so.

4. Sai ta yanke hanyar Nepa tukuna, sannan ta haɗa ta janareta. Za ka ji ƙara a cikin akwatin, ƙwas! Sai fitilu su kama.

Duk wannan ba ya wuce daƙiƙa 10 zuwa 30 a yawancin wurare. Kafin ungozoma ta laluba tocila, haske ya dawo.

Ba sai an ɗauke wuta gaba ɗaya na'urar take aiki ba. Idan wuta ta zo ba ƙarfi, ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi, za ta ƙi karɓar ta. Haka nan idan ta zo da ƙarfi fiye da ƙima. A manyan wurare kuma ana shigo da layi uku, waɗanda aka saba bambantawa da launin ja, da rawaya, da shuɗi. Idan layi ɗaya ya ɗauke, biyu suka rage, injin da yake amfani da layi uku, kamar na rijiyar burtsatse ko na niƙa, zai yi ta gurnani yana zafi har ya ƙone. Na'urar tana ganin haka, sai ta koma kan janareta. Saboda haka idan ka ga maƙwabta da wuta amma janaretanku yana aiki, kada ka yi saurin cewa na'ura ta lalace. Mai yiwuwa ta ga abin da kai ba ka gani ba.

ABIN DA YAKE FARUWA IDAN AN DAWO DA WUTA

A nan ne masu kula da inji da yawa suke ƙosawa. Yara sun yi ihu an kawo wuta, amma janareta yana ta aiki yana shan mai. Sai mutum ya ruga ya kashe shi da hannu. Wannan kuskure ne. Ga dalili:

1. Na'urar tana jira na wasu mintoci don ta tabbatar wutar ta zauna. Kowa ya san yadda ake kawo wuta a ɗauke bayan minti ɗaya. Irin wannan kawowa da ɗaukewa tana lalata firji da injin ruwa.

2. Idan ta gamsu, sai ta yanke hanyar janareta, ta haɗa ta Nepa.

3. Bayan nan ma ba ta kashe injin nan take. Takan bar shi yana juyawa babu kaya kamar minti 3 zuwa 5, don ya huce. Dokin da ya yi sukuwa ba a ɗaure shi nan take, sai an ɗan zagaya da shi. Injin da aka saba kashewa da zafinsa ba ya daɗewa.

4. Sai ta kashe shi, ta koma tana gadi.

Injiniya ne yake saita tsawon waɗannan lokuta tun ranar da ya kafa na'urar. Idan kwamiti yana ganin jiran ya yi tsawo, mai yana tafiya, a kira shi ya duba. Man da aka sha a minti 5 bai kai kuɗin sabon inji ba. Gaggawa aikin Shaiɗan ce.

KU SAN MAƁALLAN

An rubuta sunayen maɓallan da Turanci, amma haruffan su ne dai waɗanda kuka koya a aji. Ku kwafe su a littafinku, ku je ku duba su a jikin akwatin.

AUTO. Wannan shi ne mazaunin na'urar na kullum. Ma'anarsa ta yi aiki da kanta. Idan ba a kan AUTO take ba, ko an ɗauke wuta janareta ba zai tashi ba. Kafin ka bar wurin aiki, ka duba ka ga 'yar fitilar da take kusa da AUTO tana ci.

STOP ko OFF. Sau da yawa maɓallin ja ne, da alamar sifiri a kansa. Yana kashe inji, yana kuma hana shi tashi. A na'urori da yawa, shi ne kuma ake dannawa don share jar fitila bayan an gyara matsala.

MANUAL ko MAN. Wani lokaci hoton hannu ake zanawa. Ma'anarsa aiki ya koma hannunka. Kai za ka tayar da inji da koren maɓalli mai suna START, kai kuma za ka kashe shi. A na'urori da yawa, idan ka bar ta a nan, ko an dawo da wuta inji zai ci gaba da aiki har mai ya ƙare. Da ka gama abin da ya sa ka koma MANUAL, ka mayar da ita AUTO.

TEST. Wannan na gwaji ne. Yana tayar da inji ko da akwai wutar Nepa, don a ga ko lafiyarsa lau. A wasu na'urori yana juya wutar gidan zuwa janareta, a wasu kuma inji kawai yake tayarwa. Ka tambayi injiniya wane iri ne naku. Matambayi ba ya ɓata.

Akwai kuma wani babban maɓalli ja, mai faɗin kai kamar murfin kwalba, a jikin janareta ko a jikin akwatin. Na gaggawa ne. Idan ka ga hayaƙi daga waya, ko wuta ta kama, ko inji ya kama rigar wani, ka buga shi da tafin hannu. Inji zai mutu nan take. Idan aka danna shi yana maƙalewa a ciki. Sai an murɗa shi ko an jawo shi waje, sannan a share jar fitila, kafin inji ya sake tashi. Kada a mayar da shi abin kashe inji na yau da kullum, domin ba ya barin inji ya huce. A kuma hana yara wasa da shi. Sau da yawa akan tashi mutum takanas zuwa birni neman mai gyara, ya zo ya tarar wannan maɓalli ne kawai wani ya danna.

ABIN DA FITILU DA LAMBOBI SUKE FAƊA

Na'urar ba ta da baki, da fitilu take magana. A yawancinsu koriyar fitila tana nufin lafiya, rawaya tana nufin gargaɗi, ja kuma tana nufin matsala. Hoton turken wuta yana nufin Nepa. Harafin G a cikin da'ira yana nufin janareta. Fitilar da take ci a kusa da kowannensu tana nuna akwai wuta a wannan hanya, wata kuma tana nuna wadda gidan yake amfani da ita a lokacin.

A kan gilashi za ka ga lamba da harafin V a gefenta. Wannan ƙarfin wuta ne. Ya kamata ya kasance kusa da 230 a layi ɗaya, ko kusa da 400 zuwa 415 tsakanin layi da layi. Za ka kuma ga lamba da haruffan Hz. Wannan yana tafiya ne da gudun inji. A Nijeriya da Nijar da Gana da Kamaru, 50 ne daidai. Idan ka ga yana sauka ƙasa sosai, inji kuma yana nishi yana fitar da baƙin hayaƙi, to kaya sun yi masa yawa. A rage. Ku sani injin ruwa da firji da na'urar sanyaya ɗaki suna jan wuta ninki-ninki a lokacin da suke tashi. Saboda haka kada a kunna su gaba ɗaya. A kunna babba tukuna, sannan sauran su biyo baya ɗaya bayan ɗaya.

Idan inji ya mutu da kansa, jar fitila ta kama, ka duba hoton da yake kusa da ita:

Hoton butar mai: baƙin mai ya yi ƙasa, ko ba ya zagayawa yadda ya kamata.

Hoton ma'aunin zafi: inji ya yi zafi. Wataƙila ruwan lagireto ya ragu, ko fambel ya tsinke, ko ƙura ta toshe hanyar iska. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafinsa, ruwan zai yi tsartuwa ya ƙona ka. Ka bari ya huce.

Hoton batir: batir ba ya samun caji.

Kada ka share jar fitila ka sake tayar da inji ba tare da ka gano dalili ba. Na'urar ta kashe shi ne don ta cece shi. Injin da aka tilasta wa aiki babu baƙin mai yana iya ƙonewa cikin 'yan mintoci.

INJIN DA YA YI SHIRU BA BARCI YAKE BA

Wannan magana ku riƙe ta da kyau. Janaretan da aka saba da shi, idan ya yi shiru to a kashe yake, sai wani ya zo ya tayar da shi. Amma janaretan da yake kan AUTO yana iya tashi a kowane lokaci, ba sallama. A ce ka sa hannu kana duba fambel, ko kana share fanka, sai aka ɗauke wuta a can wani gari. Cikin 'yan daƙiƙoƙi inji zai tashi da hannunka a ciki.

Saboda haka kafin ka taɓa jikin inji, ko don duba mai ne kawai, ka yi waɗannan:

1. Ka danna STOP, ka tabbatar fitilar AUTO ta mutu.

2. Ka danna babban jan maɓalli na gaggawa.

3. Idan gyara za a yi, mai gyara ya kashe cajar batir, ya cire wayar batir mai alamar ragewa, wato baƙar waya.

4. Ka rataya kwali a jikin akwatin, ka rubuta da manyan haruffa: ANA GYARA, KADA A TAƁA.

5. Ka naɗe hannun riga. Babbar riga da rawani da gyale ba sa kusantar inji.

Idan an gama, a mayar da komai yadda yake, a saki jan maɓalli, a koma AUTO. Mantawa da wannan mataki na ƙarshe shi yake sa a kwana cikin duhu alhali ga inji ga mai.

Shi kuma akwatin, kada ka buɗe cikinsa. Wuta biyu ce take shiga ciki. Ko janareta a kashe yake, akwai wutar Nepa. Ko an ɗauke Nepa, ana iya dawo da ita kana tsakiyar aiki. A sa masa kwaɗo, makulli ya zauna a hannun mutum ɗaya. Buɗe shi aikin ƙwararren mai gyaran wuta ne.

HAYAƘI MAI KISA

Janareta yana fitar da wata iska mai guba. Ba ta da launi, ba ta da wari. Wanda ya shaƙe ta zai ji ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala. Mai barci kuwa yana iya wucewa bai farka ba. Tunda inji mai AUTO yana tashi da tsakar dare kowa yana barci, dole a kula da inda aka ajiye shi. Kada a sa shi a cikin ɗaki, ko zaure, ko shago da ake kwana. Masana lafiya suna ba da shawarar a nisanta ƙaramin janareta da ƙofa da taga da aƙalla ƙafa 20, wato kamar mita 6. Babba kuma a gina masa ɗakinsa mai shan iska, a fitar da bakin salansa waje, ya juya wa ɗakunan mutane baya. Maigadi kada ya kwana a ɗakin inji don jin ɗumi a lokacin hunturu. Idan an ga wani da waɗannan alamu, a fitar da shi fili nan da nan, a kashe inji, a kai shi asibiti.

KULAWA TA KULLUM

Na'urar tana iya tayar da inji, amma ba ta iya zuba masa mai, ba ta iya share masa ƙura. Wannan aikinka ne.

Kowace rana: ka duba tana kan AUTO. Ka duba babu jar fitila. Ka duba yawan man da yake cikin tanki. Kada ka bari injin gas ya shanye mai ƙarƙaf, domin zai ja iska, kuma ba zai sake tashi ba sai an fitar masa da iskar. Ka duba ƙasan inji ko akwai yoyon mai ko ruwa. Idan za a zuba mai, a danna STOP, a bari inji ya huce, musamman mai amfani da fetur. Ba a shan taba a wurin.

Kowane mako: ka duba baƙin mai da ruwan lagireto, inji yana kashe kuma a sanyaye. Ka duba kan batir. Idan ya yi farin gari, a goge, a ɗaure sosai. Masu gyara sun san batir ne ya fi kowane abu hana janareta tashi. Idan mako ya wuce inji bai yi aiki ba, a gwada shi da TEST kamar na minti 30, da rana, bayan an sanar da masu aiki a wurin.

A lokacin hunturu ƙura tana toshe matacin iska, sanyi kuma yana rage ƙarfin batir. Da damina a duba rufin ɗakin inji, kada ruwa ya zuba a kan akwatin. Ɓera yana cin waya. Ƙadangare da tsaka suna shiga akwati su haɗa wuta. Zanzaro yana gina ɗakinsa a ciki. A sa mai gyara ya toshe duk wata kafa da waya ta bi ta shiga. Kada a mayar da ɗakin inji rumbu ko wurin ajiye jarkokin mai.

Sai kuma littafi. Ka sami littafin rubutu guda ɗaya, ka ja layuka. Ka riƙa rubuta kwanan wata, da lokacin da inji ya tashi, da lokacin da ya mutu, da litar man da aka zuba, da duk wata jar fitila da ka gani. A jikin na'urar akwai lamba mai ƙirga awannin da inji ya yi aiki. Injunan gas da yawa ana yi musu juyen baƙin mai bayan awa 250, amma a bi abin da littafin injinku ya ce. Wannan rubutu yana taimaka wa mai gyara ya gano ciwo da wuri. Yana kuma wanke ka idan aka zo lissafin kuɗin mai a gaban kwamiti. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, kowa ya san mai ba abin wasa ba ne. Ga amfanin karatu da rubutu a fili.

IDAN AN ƊAUKE WUTA INJI BAI TASHI BA

Kada ka ruɗe. Ka ɗauki tocila ka duba waɗannan bi da bi. Tana kan AUTO? An danna jan maɓallin gaggawa? Akwai mai, kuma famfon mai a buɗe yake? Inji yana ƙoƙarin juyawa, ko ƙas-ƙas kawai kake ji? Idan ƙas-ƙas ne, batir ya yi sanyi. Idan kuma inji ya tashi amma wuta ba ta shiga gida ba, ka duba babban makunnin da yake jikin janareta, ko ya faɗo. Idan ya faɗo, a rage kaya, a ɗaga shi sau ɗaya. Idan ya sake faɗowa, a bar shi.

Idan ka duba duk waɗannan abu bai yi ba, ka kira mai gyara. A asibiti kuma ka sanar da ma'aikacin lafiya nan da nan. Yawancin alluran rigakafi ana ajiye su ne a sanyin maki 2 zuwa 8 a ma'aunin zafi. Shi ya san yadda zai kwashe su zuwa akwatin ƙanƙara kafin su lalace.

Wani zai zo ya ce ya iya, a ba shi waya ya tsallake na'urar ya haɗa kai tsaye. Wani zai ce a danne ƙofar wuta da tsinke ko sukundireba. Wani kuma zai kawo waya mai filogi a kai biyu, ya soka ɗaya a janareta, ɗaya a soket ɗin bango. Kada ku yarda. Duk waɗannan suna karya dokar farko, suna buɗe hanyar da wuta biyu za su haɗu. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Idan tsautsayi ya sa wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi da hannu. A kashe wutar tukuna. Idan ba hali, a ture wayar da busasshiyar sanda, mai turewa yana tsaye a busasshen wuri. Wannan a wayar cikin gida ke nan. Wayar kan falwaya idan ta faɗo, ko da sanda ba a kusantar ta, sai a kori jama'a a kira ma'aikatan wuta. Gobarar lantarki ko ta mai ba a zuba mata ruwa. A yi amfani da yashi ko tukunyar kashe gobara mai hoda.

GA MASU ƘARAMIN JANARETA A GIDA

Janaretan da ake ja da igiya ba ya tashi da kansa, saboda haka wannan na'ura ba ta yi masa aiki sosai. Abin da ya dace da shi shi ne cenjoba ta hannu, wadda ƙwararre ya saka. Kuɗinta kaɗan ne a kan ran mutum. Masu sola kuma, yawancin infata suna da irin wannan canji a cikinsu, kuma suna juyawa da sauri har ba a lura. Su ma dai a bar ƙwararre ya haɗa su.

Muna kira ga kwamitocin asibiti da na ruwa, da masu unguwanni da dagatai, duk lokacin da aka kawo wa gari irin wannan na'ura, kada a bar injiniya ya tafi sai ya koya wa mutum biyu aƙalla. Ya nuna musu kowane maɓalli, ya bar musu littafin injin da lambar wayarsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

TAMBAYOYI DON AJI

Malamai su karanta wannan bayani tare da ɗalibai, sannan a amsa waɗannan a rubuce:

1. Me ya sa ba a barin wutar Nepa da ta janareta su haɗu?

2. A kan wane maɓalli ake barin na'urar kullum?

3. Rubuta abu uku da za ka yi kafin ka taɓa jikin inji.

4. Wani inji yana aiki awa 5 a kowace rana. Bayan kwana nawa zai cika awa 250?

Ku aiko mana da amsoshinku ta hannun malaman ajinku ko jami'in hukuma na ƙaramar hukumarku. Allah ya kare mu daga tsautsayi, ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.